Fentin Bakin Sanda

Litinin, 2 ga Yuni

Ruwan jiya ya yi mana aika-aika. Kwanon rufin sito ya yage daidai kan kantocin sanduna, Oga ya sa leburori suka kwashe ƙarfen kakaf suka jibge shi a ɗaya ɓangaren tun kafin in iso. Da na shigo na ga kantoci wayam, sai da na dafa bango. Oga ya ɗauka tsatsa nake wa jimami. Ya ce, "Kai da ƙarfen nan kamar 'ya'yanka. A shafa mai, magana ta ƙare."

Ba tsatsa ba ce ta dame ni. Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa sai ni.

Duk sandar ƙarfen da ke shigowa sito akwai fenti a bakinta. Kore shi ne ƙarfen kabon na gama-gari, na ƙofa da taga da kujera, abin da ba a ɗora wa rai. Ja shi ne mai haɗi, da kromiyom a cikinsa, shi ake ba duk abin da zai ɗauki nauyi. Rawaya mai kabon da yawa ne, na wuƙaƙe. Mara tsatsa ba ruwansa da fenti, sheƙinsa ya ishe shi, in ka yi shakka ka kai masa maganaɗisu. Rawaya ina gani, shuɗi ina gani. Ja da kore kuwa a idona abu ɗaya ne, ƙasa-ƙasa su biyun. A hannu nauyinsu ɗaya, baƙinsu ɗaya, sanyinsu ɗaya.

Shekara goma sha ɗaya makullin sito na hannuna, ba wanda ya sani. Ranar da kaya ya zo ina karanta takardar da ke ɗaure a jikin dami, in ɗora ja a kantar sama, kore a ta ƙasa, sannan in ja wa kowane ja layi da alli. Ruwa ya wanke allin. Leburori sun kwance damman sun yar da takardun.

Gobe zan sa Dogo mai zarto ya ware min su, in ce bayana ke ciwo.

Talata, 3 ga Yuni

Ban ko buɗe baki ba Oga ya tura Dogo kai kaya da mota. Ƙarfe goma sai ga Mai Fiƙa, wanda ke da injin fiƙe ƙarfe a bayan layinmu, ya shigo kamar an koro shi. Wai kamfanin takarda injinsu na ɗaga kaya ya tsaya, ƙusoshi huɗun da ke riƙe ƙugiya sun ci, suna son sababbi kafin ƙarshen mako. Ja mai kaurin milimita hamsin, tsawon mita ɗaya.

Oga yana tsaye a kaina yana kaɗa makullin mota. "Yi maza ka yanka masa da kanka."

Masu kauri hamsin biyu ne, suna kwance kafaɗa da kafaɗa, bakin fentin yana fuskantar bango. Na zagaya na durƙusa. Na duba wannan, na duba wancan. Ɗaya ta fi ɗaya duhu kaɗan, na ce a raina ja ai ya fi duhu. Da na ɗago kai na ce "Oga, zo ka duba min," da yanzu ba na wannan rubutun. Ban ce ba.

Ƙa'idarmu ita ce a yanka ta bakin da ba fenti, don launin ya tsaya a sito. Haka na yi. Mai Fiƙa ya saɓa guntunsa ya fita, ba ɗigon fenti a jiki da zai tona.

Laraba, 4 ga Yuni

Ja ne. Na tabbata ja ne, ya fi duhu.

Alhamis, 5 ga Yuni

Dogo ya ware sandunan yau, ni ina binsa da alli ina cewa wai don kyan tsari. Da ya zo kan masu kauri hamsin sai ya ɗaga gajerar ya ce, "Wa ya ci mita ɗaya daga koren nan? Ranar Asabar ai cikakkiya ce."

Na ce wani mai ƙofa ne ya saya. Ƙaryar ta fito sumul kamar na kwana ina shirya ta. Ya ce, "Ƙofa da hamsin? Ƙofar gidan giwa ke nan," ya yi dariyarsa ya wuce.

Na shiga banɗaki na zauna a kan murfi. Allin ya karye gida biyu a tafina. Kore na ba shi.

Asabar, 7 ga Yuni

Na lallashi kaina kwana biyu da cewa ƙarfe ai ƙarfe ne. Bambancin na masu takarda ne da injiniyoyi. Yau na yanko 'yan guntaye biyu, ɗaya daga kowace sanda, na ɗaure wa na jan zare don kada in sake ruɗewa, na kai wa Baba Mai Washi. Tsoho ne, shekararsa arba'in yana wasa wuƙaƙen injuna a ƙarshen layi. Na ce masa gardama muke da Dogo.

Ya kai na farko bakin dutse. Tartsatsi ya yi dogo, siriri, ba reshe sosai. Ya kai mai zaren, tartsatsin ya gajarce yana fashewa a baki. Wannan kam ina gani, ba launi ba ne, siffa ce. Sannan ya gasa su biyun da wutar gas ya tsoma a bokitin ruwa. Ya ɗauko magagari ya goga wa mai zaren, magagarin ya zame yana ƙara kamar a kan kwalba. Ya goga wa ɗayan, ya ci shi kamar sabulu.

Ya ce, "Ka gani, ɗana? Wannan ya sha wuta ya zama namiji. Wancan ko shekara zai yi a wuta yadda ya shiga haka zai fito. Ba mugun ƙarfe ba ne, yana da haƙuri, yana karɓar walda, rabin duniya da shi aka gina ta. Amma kowa da gwargwadonsa."

Na ce, kamar da wasa, to in aka yi ƙusar ɗaukar nauyi da shi fa, Baba?

Ya dube ni ta saman tabarau. "Zai ɗauka yau, zai ɗauka gobe. Ba ya ƙi, shi ne sharrinsa. Yana lanƙwasa a hankali inda ido ba ya kai, ranar da ya gaji sai ya saki." Ya ce wa ya ci gardamar? Na ce Dogo.

Litinin, 9 ga Yuni

Na bi ta wajen Mai Fiƙa da safe, da niyyar in ce a dakata, ko me zan ƙirƙiro. Ya tarye ni da fara'a. Ya gama tun Juma'a, an ɗaura jiya, injin yana aiki. Har yana yabon kansa, wai sabon bakin wuƙar da ya sa wa injinsa ya yi daɗi, "ƙarfen nan ya yanku kamar ba ja ba."

Na yi dariya tare da shi. Allah ya gani, na yi dariya.

Talata, 10 ga Yuni

Ina da shekara ashirin da biyu na nemi aikin jirgin ƙasa. Na ci komai, har an gwada min hula. Ranar ƙarshe likita ya buɗe min wani littafi mai ɗige-ɗige masu launi ya ce wace lamba nake gani. Ban ga komai ba sai ɗige. Ya juya shafi, ya sake juyawa, ya rufe littafin a hankali kamar mai rufe idon mamaci. Na gaya wa mahaifina wai ɗan wani babba aka ba gurbin. Har ya rasu yana tsine wa mutanen da ba su ci ba ba su sha ba.

Na san abin da ke faruwa da mutum in aka gane. Shi ya sa. Ina da yara huɗu, kuma ba abin da na iya sai sito.

Alhamis, 12 ga Yuni

Akwai faranti, wato faffaɗan ƙarfe, da za a kai kamfanin takardar, na ce wa Oga ni zan raka direba. Da ban je ba.

Ɗakin injin dogo ne, ƙugiyar tana tafiya a kan layin ƙarfe can sama kusa da rufi. Naɗin takarda take ɗauka, kowane ɗaya ya fi ni tsayi, direba ya ce tan uku. Na ɗaga kai na nemo ƙusoshina. Ga kawunansu nan suna sheƙi, sababbi fil.

Akwai wani mutum a ƙasa, shi ke ɗaura majanyi a jikin naɗin ya ɗaga hannu a ja kayan sama. Gajere ne mai furfura a gemu, yana ɗan ɗingishi, kullum fito yake. Doka ta ce kada a tsaya ƙarƙashin kaya, an ma rubuta a bango. Amma in naɗin ya fara juyi a sama sai ya matsa ya dafa shi da tafin hannu, kamar mai lallashin saniya. Sau bakwai na ga ya yi haka kafin a gama sauke faranti.

Ya lura ina kallo ya ce, "Maigida, kai ne mai ƙarfen? Sannunku da aiki, tsofaffin nan kuka suke mana, waɗannan shiru kake ji." Na ce madalla. Na ce ya riƙa ja da baya in kaya ya tashi. Ya ce shekara goma sha tara yana wannan aikin, ƙugiyar ta san shi.

A hanyar dawowa na sa direba ya tsaya, na yi amai a gefen titi. Na ce masa ruwan da na sha ne.

Juma'a, 13 ga Yuni

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk wayar da ta yi ƙara a ofishin Oga sai in tsaya in kasa kunne. Motar asibiti ta wuce da jiniya wajen azahar, na fito bakin ƙofa na tsaya har na ga ta yi kwanar da ba ta kamfanin ba.

Na ari wayar wani mai shago na kira kamfanin, na sauya murya, na ce a duba ƙusoshin ƙugiya. Wanda ya ɗauka ya ce wa ke magana? Na yi shiru. Ya ce in na tuna sunana in sake kira, ya kashe.

Akwai wata hanya, kuma tun jiya take min yawo a kai. Dogo ne mai yanka, kowa ya san haka. An taɓa kama shi da kuskuren awo sau biyu. In na ce wa Oga na gano an ba da kore, ba sai na faɗi wanda ya yanka ba, shi da kansa zai manta ranar ya ɗora wa Dogo. A ceci mai fito, in tsira da makullina. Dogo bara ya yi aure, matarsa na da ciki.

Na rubuta ne don in ga yadda abin yake a takarda. Ya fi muni.

Asabar, 14 ga Yuni

Kwana shida ke nan suna ɗauka. Baba ya ce yau da gobe, bai ce jibi ba.

Lahadi, 15 ga Yuni

Uwar yara tana wanki a tsakar gida da hantsi, ni ina zaune ina kallon bango. Ta kori yaran waje, ta goge hannu a zani ta zo ta zauna. Ta ce, "Baban yara, mako biyu ba ka cin abinci. In mace ce ka faɗa min in san inda na tsaya."

Na gaya mata ƙusoshi, na gaya mata mai fito. Da na zo kan dalilin sai harshena ya ƙi. Na ce sauri ne, duhu ne a bayan sanduna.

Ta ce, "Ba duhu ba ne. Ba ka ganin ja."

Na rasa inda zan sa idona. Ta ce tun watan farko na aurenmu ta sani, ranar da ta aike ni sayen tumatir na kawo mata rabi ɗanye ina ta yabon nunarsa. Shi ya sa take jera min kayan sawa da kanta, shi ya sa in yaran suka kawo aikin makaranta na launi take cewa su kawo mata, babansu ya gaji. Shekara goma sha shida. Ni ina nan ina ganin na fi kowa wayo, ashe mace ce ke bin bayana tana share sawu.

Na ce me ya hana ta magana? Ta ce ta ga abin yana min ciwo. Sannan ta ce, "Tumatir na sa a taga ya nuna. Wannan ba zai nuna ba."

Na ce in aka kore ni fa? Ta ce to an kore ni. Ta tashi ta koma kan wankinta, amma na ga ta daɗe tana cuɗa riga ɗaya.

Litinin, 16 ga Yuni

Da safe na wuce ofis kai tsaye. Na ce, "Oga, ƙusoshin kamfanin takarda, kore aka ba da." Ya ɗauki waya ya kira injiniyansu ya ce a tsayar da ƙugiya yanzu yanzu, ko me ke rataye a sauke. Na ji yana maimaitawa sau uku. 

Ya ja ni sito ya sa na nuna masa sandar. Ya juya bakinta ya ce, "Kore shar, ko makaho ya shafa ya ji. Yaya aka yi?" Kafin in amsa ya waiga wajen zarto inda Dogo ke aiki. "Dogo ne ko? Na sha gaya masa."

Ga ƙofa a buɗe, ni ban ma taɓa ta ba. Abin da zan yi kawai in yi shiru. Na yi shirun kuwa, ban san tsawonsa ba, har Oga ya ɗaga hannu zai kira shi.

Na ce, "Ni na yanka, kana tsaye. Oga, ba na bambance ja da kore. Tun haihuwa."

Ya ɗauka wasa ne. Ya nuna bokitin kashe wuta ya ce wane launi ne. Na ce na san ja ne don an ce ja ake yi musu. Ya nuna rigar Dogo. Na ce ban sani ba. Zarton ya tsaya, Dogo ya ji komai.

Oga ya ce, "Shekara goma sha ɗaya kake ba mutane ƙarfe da ƙiyasi?" Na yi masa bayanin takarda da kanta da alli. Bai saurara ba. Ya miƙo hannu, na ciro makullin na ba shi. Ya ce in tafi gida sai ya neme ni.

Talata, 17 ga Yuni

Gida. Ba kira.

Laraba, 18 ga Yuni

Oga ya kira ni da rana. Ƙusoshin huɗu suna kan teburinsa. Ya ɗauki ɗaya ya mirgina ta a kan gilashin tebur, ta tafi tana ɗingishi, ta lanƙwashe a tsakiya. Ya miƙo min wata ya ce in shafa. Akwai tsagi siriri a wuyanta, farcena ya shiga.

Ya ce injiniyan kamfanin ya ce ba za ta kai ƙarshen wata ba. Ya ce sun yi masa wankin babban bargo, da ƙyar ya hana su yanke hulɗa da mu. Na tsaya riƙe da ƙusar, ina jin fiton mutumin nan a kunnena. Tsoron da ban ji ba duk makon nan sai yanzu ya zo gaba ɗaya, na zauna a kujerar baƙi ba tare da an ce in zauna ba.

Oga ya karɓi ƙusar daga hannuna. Ya ce, "Ban san ko in kore ka don ka ɓoye ba, ko in bar ka don ka faɗa. Je ka, zan yi tunani."

Litinin, 23 ga Yuni

Bai kore ni ba. Sito ya koma hannun Dogo, ni na koma zarto. Wanda na koya wa riƙe awo yau shi ke rubuta min abin da zan yanka. Oga ya sa a riƙa buga lamba a jikin kowace sanda ban da fentin, an ce kayan bugawar sai wata mai zuwa.

Labari ya zaga layi. Mai shayi ya ɗago kofi biyu ya ce in zaɓi jan. Na yi kamar ban ji ba. Baba Mai Washi kuwa da na wuce cewa kawai ya yi, "Ashe kai ka ci gardamar." Ban gane abin da yake nufi ba, ban kuma tsaya tambaya ba.

Kunya ta fi yadda na zata nauyi. Da safe sai na yi kamar minti biyar a bakin ƙofa kafin in shiga.

Litinin, 30 ga Yuni

Aiki ya yi yawa yau, bayana kamar zai rabe. Zarto ba sito ba ne, ƙura har cikin kunne.

Wajen sha ɗaya masu saye uku suna tsaye suna jira, har da Mai Fiƙa, wanda tun ranar bai cika duban idona ba. Leburori suka ɗora min sanda a kan zarto, takarda ta ce ja. Na kama hannun injin zan sauke, sai na tsaya. Dogo yana can ƙarshen sito. Na ɗaga murya yadda zai ji, yadda kowa ma ya ji, na ce, "Dogo, zo ka duba min. Wannan ja ne ko kore?"

Mutanen suka juyo. Ɗaya ya yi murmushi. Dogo ya taho bai yi sauri ba, ya leƙa bakin sandar ya ce, "Ja ne, Yaya." Na ce ka tabbata? Ya ce ja ne. Na yanka.

Shekarata arba'in da uku, ban taɓa yi wa ɗan Adam wannan tambayar ba. Ba wani abu ba ne, kalma biyar ce. Na sake yi masa ita sau biyu kafin a tashi, na biyun ma ban lura ko akwai mutane a wurin ba.

Haƙoran zarton sun dakushe, gobe in tuna in gaya wa Oga.